Jolly Phonics a ajin 'ya'yan Hausawa: waƙar na kama kunne, rubutun sai malami ya tashi tsaye

Duk wanda ya bi ta bayan tagar ajin nazare ko aji ɗaya da hantsi, a Kano ne ko Kaduna ko Gusau, da wuya bai taɓa jin yara sun haɗa baki suna "sssss" suna murɗa hannu kamar tafiyar maciji ba. Jolly Phonics ke nan, tsarin koya wa yara karatun Turanci ta hanyar sautin haruffa. Makarantun kuɗi suna rubuta sunansa a allon tallarsu, gefe guda da kwamfuta da haddar Alƙur'ani. Na gwamnati kuwa ya shigo musu ta hannun hukumar ilimin matakin farko ta ƙasa, UBEC, da takwarorinta SUBEB na jihohi, tare da ƙungiyar Universal Learning Solutions mai horar da malaman ƙananan azuzuwa. Mai makaranta da uwar yaro tambayarsu ɗaya ce: kayan nan sun ci kuɗinsu?

Wajen cusa wa yaro sautin haruffan Turanci, da wuya a sami abin da ya fi shi sauƙin riƙewa a hannun malamin da bai daɗe da kama alli ba. Wajen sa yaro ya zauna ya ƙirƙiro jimlar kansa kuwa, kayan ba su kai rabin hanya ba, domin an ɗinka su ne daidai wuyan yaron da ya tashi da Turanci a bakinsa. Kusan duk tangarɗar da za a gani a ajinmu daga nan ta samo tushe.

Malamai biyu ne na wata firamare a garin Lowestoft na Ingila, Sue Lloyd da Sara Wernham, suka gina tsarin, kamfanin Jolly Learning na Chris Jolly kuma ya fitar da littafin jagoran malami a 1992. Ba a farawa da A, B, C. An tattara sautukan Turanci guda 42 an kasa su rukuni 7, rukunin farko shi ne s, a, t, i, p, n. Hikimar zaɓen waɗannan shida ita ce, da su kaɗai yaro zai iya karanta sat, pin, tap, tin, pan, ant da wasu da dama tun bai cika mako biyu ba. Kowane sauti yana zuwa da ɗan labari, da motsin hannu, da gajeriyar waƙa, da yadda ake zana harafinsa. Daga nan sai haɗa sautuka su zama kalma, sai warware kalma a ji sautukan cikinta, sai kalmomi 72 masu taurin kai irin su the, was, said waɗanda ba sa karantuwa yadda aka rubuta su. Wanda ya yi makarantar allo ba zai ga baƙon abu ba: babbaƙu, farfaru, sannan a haɗa baƙi.

Waƙoƙin

Su ne suka sayar da kayan, kuma gaskiya suna aiki. Kowace waƙa baiti ɗaya ce, an ɗora ta a kan karin waƙoƙin yara na Turawa, sautin da ake koyo yana maimaituwa a cikinta. Yaro ɗan shekara biyar zai ji sau uku ya ɗauke. Motsin hannun ma ya fi waƙar amfani, saboda malama tana iya tsayawa a gaban aji mai yara 70 ta ɗaga kati, ta ga da idonta wanda hannunsa ya yi daidai da wanda ke satar kallon na kusa da shi. Murya tana ɓuya a cikin amshin jama'a, hannu ba ya ɓuya.

Wasu motsin kamar don mu aka yi su. Jakin da ke kuka "ee, or" ana kaɗa hannu kamar kunnuwansa, babu yaron karkara da zai nemi bayani. Haka tururuwa a dantse don a, fasa ƙwai don e, shafa ciki don m, ganga don d, ƙudan zuma don z, yatsa a kan leɓe don sh. Wasu kuwa sai an yi musu gyaran fuska. Sautin c da k an jingina shi da wasu 'yan katakon kiɗa na ƙasar Sifen da ake kaɗawa da yatsu. Na f wani kifin roba ne da ake hura wa iska yana sacewa. Na g ruwa ne yana zurarewa ta ramin magudanar ruwa, na oo kuma agogon bango ne mai ɗan tsuntsu yana leƙowa. Yaron da bai taɓa ganin ko ɗaya ba zai yi motsin, amma babu hoton da ke riƙe masa sautin a ka. Gyaran ba shi da wuya: a bar motsin yadda yake, don ya dace da littafin ɗalibi, a canza labarin. Kaɗa yatsun c da k ya koma almakashin mai yankan farce yana yawo a layi. Sacewar f ta koma taya a wurin mai faci, ko balan-balan ɗin Sallah. Na g ya zama buta da aka tuntsurar tana gul-gul. Juya kai hagu da dama na t, wanda kallon wasan tanis ne a asali, a ce kallon samari ne a teburin tanis na bakin titi.

Na th yana da nasa abin dariya. Ana so yaro ya ɗan fito da harshe tsakanin haƙora, wanda a wurinmu gwalo ne, an kuma hana shi yi tun daga gida. Ranar farko rabin aji dariya za su yi, rabi su noƙe. Sai malami ya fito fili ya ce a wannan darasin an yarda da gwalo, in ba haka ba this zai zauna a "zis", thank kuma a "sank" har yaro ya girma.

Inda waƙar ke cutarwa shi ne idan ta zama ita ce darasin. Abu ne mai daɗi, yara suna so, iyaye suna ji a gida su yi murna, ranar bikin yaye ɗalibai ma ta yi armashi. Sai a wayi gari aji ya haddace waƙoƙi da motsin sautuka 42, amma a rubuta pin a allo a rasa mai karantawa. Yaro ya ɗaure sautin da waƙa, bai ɗaure shi da baƙin da ke kan takarda ba. Alamar da ake gane wannan: a ɗaga masa katin t, sai ya fara rera waƙar daga farko kafin ya iso ga sautin, kamar mai neman aya sai ya koma farkon sura. Don haka waƙa ta tsaya a ranar da aka gabatar da sauti da washegarinta. Daga rana ta uku, kati kawai, a cakuɗe jerin, babu waƙa, babu hoto a fuskar katin.

A darasin minti 35, rabon da ke fitar da aji shi ne kamar haka. Minti 3 na farko bitar katunan baya, da sauri. Minti 5 na sabon sauti da labarinsa da motsinsa da waƙarsa. Minti 5 na zana harafi, a iska tukuna, sannan a bayan na gaba da yatsa, sannan a littafi. Minti 10 cur na haɗa sautuka. Minti 8 na shifta, sauti uku da kalma uku. Minti 4 na ƙarshe na kalma mai taurin kai guda ɗaya. Duk ajin da aka ga waƙa ta cinye fiye da minti biyar, daga haɗa sauti da shifta aka sata.

Wata magana a gefe: akwai makarantun Islamiyya da iyayen da ba sa son kayan kiɗa a aji. Ba sai an yi jayayya ba. Waƙoƙin suna tafiya da baki da tafi kawai, sun ma fi kyau a haka, domin faifan da lafazin Ingila aka rera shi, kalmomin suna gudu, ƙaramar lasifika kuma ba ta kai wa bencin baya. Wanda ya fi buƙatar sauraron faifan shi ne malami, da daddare a wayarsa ta manhajar Jolly Phonics Lessons, yana gyara nasa furucin kafin ya shiga aji.

Inda harshen Hausa ke karo da shi

Wannan ne ɓangaren da littafin jagora bai ce komai a kai ba, horon 'yan kwanaki kuma ba ya isa a tsaya a kansa.

Babbar matsala ita ce liƙa wa baƙi wasali. Mu da ba, be, bi, bo, bu muka koyi karatu, kuma Hausa ba ta barin baƙi ya tsaya shi kaɗai a farkon kalma. Shi ya sa bread ya zama burodi, driver ya zama direba. Malami da kansa, ba da saninsa ba, sai ya ce "sa, a, ta" maimakon s, a, t, yaro ya haɗa ya sami "sa'ata", a yi ta mamakin me ya hana shi jin sat. Maganin shi ne a fara koyar da haɗawa da sautukan da ake iya ja, wato s, n, m, f, l, r, a ja na farko har ya zube cikin wasali ba tare da an yanke numfashi ba: "sssaaat". Masu fashewa irin p, t, k kuma a yi su da raɗa, yaro ya ɗora yatsu a maƙogwaro. In ya ji rawa, wasali ya shigo. Kalmomi masu baƙi biyu a jere kamar spin da snap suna fitowa tun daga haruffan rukunin farko, amma a jinkirta su sai mako na biyar ko na shida, don "sifin" da "sinaf" za a samu.

Sai p da f. Abacadar Hausa ba ta da p, f ɗinmu kuma da leɓɓa biyu ake yin sa, shi ya sa pump ya koma famfo, paint ya koma fenti. Abin takaici p yana cikin shidan farko, f kuwa sai rukuni na uku, don haka yaro yana iya shafe wata guda yana kiran p da f ba wanda ya lura, sai ranar da f na gaskiya ya iso a ga aji ya rikice. Kada a jira. Ranar da aka koyar da p, a yanka wa kowane yaro 'yar takarda mai faɗin yatsa biyu ya riƙe a gaban baki: leɓɓa a rufe ruf, a sake su da ƙarfi, takarda ta yi tsalle sau ɗaya. Ranar f, haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, takarda ta kwanta a hankali ta daɗe. Daga nan kullum minti ɗaya na pan da fan, pin da fin, pat da fat, malami yana faɗa bayan ya juya wa aji baya don kada a karanta bakinsa. Haka za a yi wa v da b idan an kai rukuni na biyar. Gajerun wasula ma suna da nasu: kunnen Bahaushe yana jin cat da cut kusan abu ɗaya, pen da pin ma haka.

Akwai kuma rikicin harafi ɗaya mai aiki biyu. Yaro ya fito daga darasin Hausa inda c take ta ciki da cokali, ya shiga na Turanci a ce masa c ta cat ce, sautin da ya sani kuma sai an rubuta shi ch. Harafin u na uwa daban, na up daban. Tagwan ai na kai ya fi kusa da abin da Jolly ke rubutawa ie, nasu ai ɗin kuma na rain ne. Yara suna iya ɗaukar duka biyun, amma sai an raba musu gida: katunan Hausa da shuɗiyar maka a bango ɗaya, na Turanci da baƙa a ɗaya bangon, kuma kada a jera darussan biyu a bayan juna, a sa tashin tara a tsakaninsu.

Saurin tafiya ma abin dubawa ne. Jagoran ya tsara sauti ɗaya kowace rana, a gama 42 cikin mako tara ko makamancin haka. Ga yaron da ke koyon harshen da haruffan a lokaci guda, sauti uku a mako ya fi zama, Alhamis da Juma'a a bar su ga bita da shifta. Hakan mako 14 ke nan, wato zango ɗaya da ɗan ɗoriya. Mai makarantar da ya matsa a gama kafin hutun farko don a nuna wa iyaye, a zango na biyu zai biya bashin.

Rubutun ƙirƙira, inda kayan suka gaza

A Ingila, da yaro ya san sautukan 42 ana sakar masa fensir ya rubuta labarinsa yadda kunnensa ya ji, ko da rubutun bai bi ƙa'ida ba. Dabara ce mai kyau, tana kuma aiki saboda jimlar tana bakinsa tun kafin ya zo makaranta. Ɗan Bahaushe ɗan shekara shida yana iya karanta "the hen is in the shed" tsaf bai san an yi maganar kaza ba. Ka ba shi hoto ka ce ya rubuta abin da ya gani da Turanci, abu biyu zai faru: ko ya zura wa takarda ido, ko ya kwafe abin da ke allo. Daga nan ne ake gangarawa zuwa insha'in nan na "Myself" da kowane yaro a aji yake da launin fata ɗaya da abincin da ya fi so ɗaya, saboda anti ce ta rubuta aka haddace.

A ganina hanyar fita ɗaya ce: ƙirƙira ta fara da Hausa, Turanci ya biyo baya da ƙananan jimloli. Rubutun Hausa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, don haka dabarar warware kalma da yaro ya koya a Jolly tana ba shi riba nan take a harshensa. Abin da ya rage a ƙara masa shi ne haruffan da kayan ba su san da su ba, ɓ, ɗ, ƙ, ts da 'y, kuma a nan malami zai yi nasa waƙoƙin. Bayarwa da amshi irin na dandali sun fi karin Turawa saurin shiga. Misali, layi huɗu sun isa:

Wa ya ɓare gyaɗar Inna?
Ɓera ne, ɓ, ɓ, ɓ!
Ina ya ɓoye ɓawonta?
Cikin rami, ɓ, ɓ, ɓ!

Ƙa'idar haɗa irin wannan: kada ta wuce layi huɗu, sautin ya fito a farkon kalma aƙalla sau uku, kalmomin duk na cikin gida ne, amshin kuma ya zama wanda yaro mafi kunya zai iya. Bayan waƙar a kawo tagwayen kalmomi a allo, bata da ɓata, fada da faɗa, kafa da ƙafa, baki da baƙi, don yaro ya ga cewa lanƙwasar nan ba ado ba ce.

Daɗin abin shi ne waƙar kanta tana zama ƙofar rubutu. A rera sau biyu, sannan malama ta ce yau ba ɓera ba ne, kowa ya rubuta wanda ya ɓare gyaɗar da inda ya ɓoye ɓawon. Tambayar tana kunnensu, ginin jimlar yana bakinsu, abin da ya rage musu kalma biyu ko uku ne na kansu. Wani zai ce biri, wani zai ce Yaya, wani zai ce hedimasta. Wannan shi ne rubutun ƙirƙira na farko, kuma babu biyu da za su zo iri ɗaya.

Tambayar da ke sa yaro rubutu tana da siffa. Ta zama a kan abin da ya sani da ido, a saka mata wani abu da ba ya faruwa, kuma amsarta ta fi ƙarfin e ko a'a. Akuya ta shigo ajinmu, me ta fara ci? Da takalminka zai yi magana, ƙarar wa zai kai? Gizo ya zo kasuwa da buhu a ɗaure, me ke ciki? An ɗauke wuta ana tsakiyar cin tuwo, sai aka ji motsi a bayan randa. Tatsuniyar da aka yanke a tsakiya ma tana aiki ƙwarai: a fara da "ga ta nan, ga ta nanku", a kai inda Ƙoƙi ta buɗe tukunya, a tsaya, kowa ya kai ta ƙurunƙus da kansa. Waɗanda za a guje wa su ne masu tona asirin gida. Me ka ci da safe, wane kaya aka ɗinka maka da Sallah, ina kuka je hutu, faɗi aikin babanka: a kowane aji akwai wanda bai karya ba, akwai maraya, kuma shirunsa ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne.

Ga yadda darasin akuya zai tafi. Minti 5 yara bibbiyu suna faɗa wa juna amsa da baki, domin wanda bai faɗa ba ba zai rubuta ba. Malama ta tsinci kalmomi daga bakinsu ta sa a allo, kada su wuce shida, kuma kalmomi ne zalla ba jimla ba, in ba haka ba kwafe za a yi. Minti 5 na zane, a tsayar da shi da tafi, don in aka bari zane zai cinye darasin. Minti 10 na rubutu, malama tana zagayawa, wanda ya tambayi yadda ake rubuta kalma a ce ya ja ta a baki ya ƙirga sautukan a yatsu. Sauran lokacin mutum uku su karanta nasu a gaban aji, gobe wasu ukun.

A ce yaro ya kawo wannan: "akuya taci litafin malam". Kurakurai huɗu ne ko biyar in ana neman kuskure: babu babban baƙi a farko da kuma a Malam, babu aya, an haɗe ta da ci, an ci t ɗaya a littafi. Malamin da ya zana duka da jan biro ya kashe marubucin a ranar. A karanta jimlar da ƙarfi, a tambaye shi me Malam ya yi da ya gani, sannan a gyara ɗaya tak, a nan raba "ta ci", tunda haɗe irin su "yace" da "naje" ita ce cutar da ke bin mutane har girma. Babban baƙi da aya na mako mai zuwa ne. Aji mai yara 70 kuwa ba a duba shi rana ɗaya: littafi 14 kullum, Litinin zuwa Juma'a, kowa ya samu sau ɗaya a mako.

Turancin sai ya shigo ta ƙaramar ƙofa. Bayan rukuni na huɗu, da ee da oa sun samu, tare da kalmomin taurin kai na farko irin su I da the, yaro zai iya cike "I can see a" da abin da ya ga dama. A yi gwangwani biyu, ɗaya da katunan dabbobi, hen, goat, ant, rat, ɗaya da wurare, in a tin, on a bed, in a pot. Yaro ya zaro ɗaya nan ɗaya can, ya rubuta jimlar, ya zana ta. Zanen shi ne jarrabawar: wanda ya zana akuya a kan gado ya fahimta, wanda ya karanta daidai ya rasa abin zanawa, baki kawai ya motsa. Hotunan da za a ɗora tambaya a kansu ba sai an saya ba. Shafukan African Storybook da StoryWeaver suna da labaran yara da Hausa kyauta. Littattafan Mu Karanta da aka raba a Sakkwato da Bauchi, da na shirin RANA a Katsina da Zamfara, in makaranta tana da su a kabad, su ne abokan tafiyar da suka dace ta ɓangaren Hausa.

Me za a saya

Daga Ingila kayan suke, farashinsu yana bin faɗuwar naira, don haka ba komai ne ya cancanci kuɗi ba. Littafin jagoran malami dole ne, ɗaya ya ishi ƙaramar makaranta, kuma an yarda a yi hoton shafukan aikin da ke cikinsa don amfanin aji. Littafin ɗalibi na ɗaya ya cancanta ga kowane yaro, na biyu da na uku sai an ga yadda aka gama na farkon. Ƙananan littattafan karatu masu hawa-hawa da launi suna da amfani saboda kalmominsu ba sa wuce sautukan da aka koya, sai dai rayuwar da ke cikinsu ta Turawa ce, sai an yi bayani kafin a buɗe. Kwafi shida na kowane sun isa a riƙa zagayawa rukuni-rukuni.

Katunan sauti asarar kuɗi ne. Kwali shida, kowane a yanka gida takwas, an sami kati 48, a rubuta harafi mai tsawon tafin hannu da maka mai kauri, a rufe da salatif mai faɗi. Littattafan Finger Phonics guda bakwai masu kwarmin harafi da yaro ke bi da yatsa suna da kyau a gida ko a aji mai yara goma sha biyar. A babban aji faranti da yashi yana yin aikin, ko harafin da aka yanka daga sanfefa aka manna a kwali. 'Yan tsanan ɓera, maciji da ƙudan zuma ado ne. A lura da bugu kafin a biya: akwai na Turancin Ingila da na Amurka, na Ingila ne ya dace da jarrabawoyinmu. Akwai kuma mai haruffa masu 'yar jela na shirin haɗa rubutu da mai haruffa tsayayyu. A zaɓi ɗaya makaranta gaba ɗaya ta bi, don yaron da allo ke nuna masa iri ɗaya littafi na nuna masa wani, hannunsa ne zai rikice.

Iyaye kuma su daina biya wa yaro A, B, C da daddare a zangon farko, su bar sunayen haruffa sai sautukan sun zauna. In ana so a san ko makaranta tana koyarwa ne ko waƙa kawai ake sha, gwajin minti uku ne. Tun 2012 Ingila take gwada 'yan aji ɗaya da kalmomi 40, rabinsu na ƙarya ne da babu su a harshen, don a kama mai hadda. A ɗauki takarda a ƙarshen zangon farko a rubuta nip, tas, pim, a ba yaro ya karanta. Sannan a faɗa masa tin da pan ya rubuta ba tare da ya gani ba. Daga ƙarshe a tambaye shi me akuya ta ci a ajinsu, a miƙa masa fensir.